Ku Tambayi Likita: In An Hana Wuya Motsi, Ta Ina Numfashi Zai Bi?

Cikin wasiƙun da suka taru a wannan watan na ware uku, domin duk a wuya suka haɗu. Ɗaya ta matar majinyaci ce, ɗaya ta ɗalibi, ta ukun kuma ta direba. Ni likitan sa barci ne, wannan shi ne aikina na yau da gobe a ɗakin tiyata, saboda haka ku yi haƙuri in na ja zancen da tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya faɗi a kan babur makon jiya, ya karye a cinya. Tun da aka karɓe shi a asibiti suka sa masa wata kwala mai tauri a wuya, suka ce kada a cire. An sa ranar aikin cinyar, sai ga wani likita, ba ma wanda zai yi aikin ba, ya sa shi ya buɗe baki, ya duba haƙoransa, har gemunsa sai da ya shafa. Ya ce mana numfashinsa ne ya fi damunsa, tunda ba za a motsa wuyan ba. Likita, mutum ya karye a cinya, me ya haɗa shi da numfashi? Ko dai akwai abin da suke ɓoye mana? Daga wata uwar 'ya'ya huɗu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ake ɓoye miki. Wannan likitan da ya zo yana leƙa baki aikinmu ɗaya da shi, mu ne masu sa barci. Da bai zo ya yi wannan dube-duben ba, a nan ne zan ce miki da sake.

Barcin tiyata a suna ne kawai barci. Wanda ya kwanta da daddare, komai nisan da ya yi, jikinsa na gadin kansa. In harshe ya koma baya ya tare hanya, zai yi minshari, ya motsa, ya juya, hanya ta buɗe. Wanda muka yi wa allura ba shi da wannan gadin. Kafin minti ɗaya ya cika da shigar maganin cikin jini, naman maƙogwaro ya saki, harshe ya zame baya, hanyar iska ta rufe ruf. Farin maganin nan mai kama da madara, da muke kira furofofol, yakan ma tsayar da numfashi na ɗan lokaci. In muka bi shi da allurar da ke sakar da tsoka, to numfashi ya tsaya ke nan sai abin da muka hura wa mutum. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙurin rashin iskar oksijin, daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Shi ya sa ko a ɗan yatsa za a yi aiki, muddin za a sa mutum barci, mu bakinsa da hancinsa ne abin lurarmu.

Da takunkumin roba muke hura masa, mai laushin baki, wanda ke rufe hanci da baki gaba ɗaya, a haɗe da wata jaka da ake matsawa da hannu. Darasin farko da ake koya wa kowane ɗalibi shi ne ya tura kan majinyaci baya, ya ɗaga haɓa, kamar mai kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri. Da an yi haka harshe ke ɗagowa, iska ta wuce. To wannan ɗin ne aka hana a yi wa maigidanki.

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne a jere, laka ta ratsa tsakiyarsu kamar zaren carbi. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi, har da jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na ƙasan huhu, wadda ke fitowa daga daidai ƙashi na 3 da na 4 da na 5. Ɗaya daga cikinsu zai iya tsagewa bai goce ba, mutum yana motsa gaɓoɓinsa lafiya lau. Yana ido biyu, zafin ciwo da ɗaurewar tsokar wuya su ke hana shi juyin da zai cuce shi. Da ya shiga barcinmu ciwo ya tafi, tsoka ta saki, babu mai tsaron wuyan sai mu. In mun tura kai baya muna tsoron laka, in mun bar shi a yadda yake harshe ya toshe hanya. Gaba kura baya siyaki.

Amma akwai mafita, kuma mun daɗe da saninta. Ranar aikin za a sa mutum guda ba shi da wani aiki sai riƙe kan maigida da hannu biyu. Za a buɗe gaban kwalar don baki ya samu buɗewa. Maimakon tura kai baya, muƙamuƙin ƙasa za a turo gaba, sannan a sa wata 'yar lanƙwasasshiyar roba a baki ta riƙe harshe. Daga nan a zura bututu har cikin hanyar iska, a haɗa da injin numfashi, a mayar da kwala. Leƙen bakin da aka yi masa na auna girman waɗannan kayan ne, da sanin ko akwai haƙorin da ke girgiɗi wanda zai iya fita ya faɗa maƙogwaro. Shi kuma gemu, hana takunkumin mannewa da fata yake yi, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Ba dole ba ne a aske. Mukan shafa masa man silɓi, ko mu manna leda a kai, ko mu koma ga wata robar da ba ruwanta da fuska. In aka nemi a rage shi, ku zauna da likitan ku ji dalilinsa.

Wataƙila kin ji labarin allurar baya, wadda ake kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mutum yana ido biyu. Ga aikin cinya ita muka fi so, kuma mai yiwuwa ita za a zaɓa masa. Sai dai tana bukatar a zaunar da mutum ko a juya shi gefe, likitocinsa ne za su auna ko wuyansa zai ɗauki hakan. Ko an yi ta ma, dole kayan numfashi su kasance a shirye, domin wani lokaci ba ta kamawa sosai, wani lokaci kuma aiki ya ja har ƙarfinta ya fara saki.

Ba zan ce miki babu haɗari ba, amma mafi yawan raunin laka a wurin faɗuwa yake aukuwa, ko a wajen ɗaukar mutum ba bisa ka'ida ba. Da wuya ya auku a hannun wanda ya shirya irin yadda likitanku ke shiryawa. Naki aikin kuwa ga shi. Kada ki bari kowa ya sassauta kwalar don tausayi, ko don zafi, ko don wanka. Kada a kira mai ɗori ya ja wuyan. Ki kiyaye azumin da aka ɗora masa, galibi awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, kuma kunu da koko da shayi mai madara duk abinci ne a wurinmu. Ki gaya wa likitan in maigida mai minshari ne, ko yana da haƙorin roba, ko yana shan wani magani kullum, ko an taɓa sa shi barci aka sha wahala. In ya farka yana kukan kaushin maƙogwaro, sawun bututun ne, kwana biyu ko uku ya wuce.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni nas ne, ina koyon aikin sa barci. Kwanakin baya da daddare aka kawo wani da kwala a wuya, za a buɗe cikinsa. Da aka yi masa allura na ɗora takunkumi ina matsa jaka, ƙirji ya ƙi tashi, hannuna na rawa saboda tsoron taɓa wuyan, sai da babbanmu ya karɓa. Tsakanin robar baki, da ta hanci, da LMA, wato robar da ke zama a kan ƙofar maƙogwaro daga ciki, wacce ya kamata in fara ɗauka? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Barka kadai, ƙanena. Na ji daɗin wasiƙarka, don ba kowa ke iya cewa hannunsa ya yi rawa ba. Abin da ya same ka ya taɓa samuna ina sabon hannu a wani babban asibiti. Saurayi ne ya faɗo daga saman motar albasa, saifarsa ta fashe, cikinsa ya cika da jini. Na sa shi barci da kwalarsa a ɗaure tsaf, don a ganina taɓa ta laifi ne. Na matsa jaka, iska na fita ta gefen kunci. Ƙarar oksimita, na'urar da ke auna oksijin a jini, ta fara sauka, irin saukar nan da kunne ke ganewa tun ido bai kai ga lamba ba. Wani dattijon nas da ya girme ni a aikin da fiye da shekara ashirin ya sa wata nas ta riƙe kan, ya ɓalle gaban kwalar, ya jefa robar baki, ya kama muƙamuƙi da hannu biyu, ya ce in matsa. Ƙirji ya tashi. Duk abin bai kai rabin minti ba. Saurayin da ƙafarsa ya fita daga asibitin, ni kuma har yau ina yi wa dattijon nan addu'a.

Saboda haka kafin mu zo kan roba, mu fara da hannu. Kwala mai tauri don tafiya da jira aka yi ta, ba don lokacin sa barci ba. Tana tokare haɓa, ta hana baki buɗewa, ta hana ka turo muƙamuƙi. Ka samu mai riƙe kai tukuna, ya ɗora tafukansa a ƙasusuwan bayan kunne, ka faɗa masa a fili cewa riƙewa ake so, ba ja ba. Sannan ka buɗe gaban kwalar. Jagorar da ƙungiyoyin likitocin sa barci na Birtaniya suka fitar a 2024 kan masu raunin wuya ita ma haka ta ce: a cire gaban kwala lokacin zura bututu, a turo muƙamuƙi maimakon tura kai baya.

Riƙon takunkumi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana matsa jaka, ka ajiye shi ga masu lafiyayyen wuya. A nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tudun manyan yatsunka biyu su danne takunkumin, sauran yatsun su shiga bayan kusurwar muƙamuƙi su ɗago shi sama, har haƙoran ƙasa su wuce na sama. Fuska kake ɗagowa ta tarar da takunkumi, ba takunkumi kake dannawa cikin fuska ba, don dannawa mayar da haɓa baya take yi, ta ƙara toshe hanyar. Wani daban ne zai matsa jaka. Ka ga mutum uku ke nan a kan majinyaci guda, kuma tun kafin allura za ka raba musu aiki, ba sai abu ya ɓaci ka fara kiran sunaye ba.

Yanzu amsar tambayarka. Ni robar baki nake fara ɗauka, wadda ke ɗauke da sunan Arthur Guedel, likitan Amurka da ya fito da ita a 1933. Ba na jira sai na kasa hura iska. Da barci ya yi nauyi, muƙamuƙi ya saki, nake sa ta, domin ita ce za ta yi mini aikin da tura kai baya zai yi. Manya galibi lamba 2 ko 3 ko 4 suke ɗauka, amma kada ka ce ido ya san kima, ka auna. Ka ɗora ta a kunci, daga daidai haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi. Gajera za ta tura harshe baya ta ƙara maka wahala. Doguwa za ta danne murfin maƙogwaro ta rufe ƙofar da kake son buɗewa. Ga babba, ka shigar da ita a kife, bakinta na kallon ganda, in ta yi nisa ka juya ta. Ga ƙaramin yaro ba a juyawa, danne harshe ake yi a zura ta a daidai, don gandarsa ba ta jure karta. Babban aibinta shi ne ba ta zama a bakin wanda barcinsa bai yi nauyi ba. Zai yi tari, ko yunƙurin amai, ko maƙogwaronsa ya ƙulle, kuma duk ukun girgiza wuya suke yi.

Ta hanci tana da ranarta. Mai sauƙin barci yana jure ta, kuma tana ceto in haƙora sun datse ko baki ya ƙi buɗewa. Lamba 6 ko 7 ce ta yawancin manya, tsawonta daga ƙofar hanci zuwa gaban kunne. Ka shafa mata man silɓi sosai, ka nufi ƙeya da ita ta ƙasan hanci, ba sama wajen ido ba, in ta tokare ka fasa ka gwada ɗaya ƙofar. Amma ina ɗari-ɗari da ita a wurin masu haɗari, bisa dalili biyu. Bugun da ya karya wuya sau da yawa ya taɓa kai. In ka ga zoben baƙi a kewayen idanu biyu, ko taruwar jini a bayan kunne, ko ruwa garai na ɗiga daga hanci ko kunne, ka ɗauka gindin ƙoƙon kai ya tsage, kada ka zura komai a hancin, don an samu inda robar ta bi tsagin ta shiga cikin kai. Na biyu kuma haɓo. Mutum yana kwance rigingine, ba dama ka juya kansa, jinin ba inda zai nufa sai maƙogwaro. In ba waɗannan, kuma ta baki ita kaɗai ta gaza, babu laifi ka haɗa su biyun.

Ka lura da ƙarfin matsarka. In tsoro ya kama mutum sai ya riƙa matsa jaka da ƙarfi da sauri, kuma da matsi ya haura 20 a ma'aunin injin, iska ciki take fara shiga. Ciki ya kumbura, ya tokare huhu, ya turo abin da ke cikinsa sama. Ka matsa a hankali, iya abin da zai ɗaga ƙirji. Shaidarka ita ce tashin ƙirji da zanen iskar da ke fitowa a kan na'ura, in kuna da ita. Oksimita labarin da ya riga ya wuce take ba ka, kafin ta sauka an daɗe da rasa hanya.

In hannu biyu da robar Guedel sun gaza, kada ka tsaya maimaita abu ɗaya, ka ɗauki LMA. Archie Brain, likita a Ingila, shi ya ƙirƙiro ta a 1981, ta shiga kasuwa a 1988, kuma ba na jin akwai wata roba da ta ceci masu aikinmu kamarta. Tana zama ne a kan ƙofar maƙogwaro daga ciki, don haka ba ruwanta da gemu, ko kuncin tsohon da haƙora suka zube. Yadda aka koya muku sa ta, ana tura kai baya, to a nan babu wannan. Ka zuƙe iskarta, ka shafa man silɓi a bayanta, wani ya turo maka muƙamuƙi, ka bi da ita ta jikin ganda. Lamba 3 ta mai nauyin kilo 30 zuwa 50 ce, lamba 4 ta 50 zuwa 70, lamba 5 ta wanda ya haura haka. In kuna da irin masu ƙaramar hanya ta biyu da ke fitar da abin da ke ciki, kamar ProSeal ko i-gel, su suka fi. Ita i-gel ba a hura mata iska ma, kuma a hannuna ta fi sauƙin shiga in kai na tsaye wuri guda. Lambobinta sun ɗan bambanta, ka duba abin da aka rubuta a jikinta. Kada gwaji ya wuce uku, kowane gwaji kumburi da jini yake ƙarawa.

Sai dai ka riƙe wannan: majinyacinka na wannan daren, LMA gada ce gare shi, ba masauki ba. Duk wanda ya yi haɗari muna ɗaukar cikinsa a cike ko da ya ce tun safe bai ci komai ba, saboda ciwo da firgita suna tsayar da narkewar abinci. Abin da zai kare huhunsa daga amai shi ne bututu mai balan-balan a cikin hanyar iska. Da kai a riƙe, ƙarfen leƙa maƙogwaro ba zai nuna maka ƙofar sosai ba, don haka ka sa buji, siririyar sandar da ake fara zurawa a bi ta da bututu, a hannu tun gwajin farko. In asibitinku na da mai kyamara, wannan ce ranarsa. Kuma in laka ta riga ta samu rauni har an haura kwana biyu, ka guji allurar sakar da tsoka ta Scoline, tana iya tayar da sinadarin fotashiyam a jini har zuciya ta tsaya.

Rabin nasarar tun kafin allura ake samunta. Ka ba shi oksijin zalla na minti 3 da takunkumi a manne. Ka karkata gadon gaba ɗayansa kai ya ɗan yi sama, ba tare da an lanƙwasa wuya ba. Ka kunna na'urar zuƙe majina ka ji ƙarfinta a tafin hannunka. Ka buɗe tukunyar oksijin ka ga cikarta, don in aka ɗauke wuta injin tace iska ya tsaya ke nan. Jakar Ambu, ta hura iska da hannu, ta kasance inda hannu zai kai, ita ba ta bukatar wuta. Ka jera robar Guedel girma biyu, LMA girma biyu, kada sai ana neman rai a gano lamba 4 ta tafi wanki. Da an buɗe gaban kwala, ka laluba ɗan lotsawar da ke ƙarƙashin zakaran wuya ka san wurinta, domin in komai ya ƙi, nan za a tsaga a sa buji a bi shi da bututu lamba 6.

Saura abin da ya sa hannunka rawa. Tsoron wuya abu ne mai kyau, amma kada ya kai ka ga barin mutum ba iska. Lakar da ta ji rauni ita ma oksijin take bukata, kuma rashinsa da faɗuwar bugun jini suna ƙara lalata ta. In ka yi duk abin da na lissafa hanya ta ƙi buɗewa, ka ɗaga haɓa kaɗan-kaɗan, iya abin da zai sa ƙirji ya tashi, ka tsaya a nan. Bayan an gama ka rubuta abin da ka yi da dalilinsa, sannan in ya farka ka sa shi ya motsa hannu da ƙafa a gabanka. Ka kuma roƙi babbanku ya bar ka kana gwada riƙon hannu biyu a kan masu lafiyayyen wuya da rana tsaka, har yatsunka su san kusurwar muƙamuƙi ba sai ka duba ba.

TAMBAYA: Likita, ni direba ne, ina bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma na sha tarar da haɗari. An ce mana kada a motsa wuyan wanda ya faɗi. To in na same shi a sume yana gurnani kamar mai minshari, in zuba masa ido? Daga wani direba a Potiskum.

AMSA: Alhaji, Allah ya tsare hanya, ya saka maka da alheri da kake tsayawa. A'a, kada ka zuba masa ido. Wannan gurnanin harshe ne ya tare hanya, kuma abin da muke yi a ɗakin tiyata kai ma za ka iya rabinsa da hannunka. Ka durƙusa ta saman kansa, ka ɗora tafukanka a gefen fuskarsa biyu don kan ya tsaya daidai da jiki. Ka sa yatsunka a bayan kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne kaɗan, ka turo shi sama. Sau da yawa nan take za ka ji gurnanin ya ɗauke, numfashi ya daidaita. Kada ka saki, don da ka saki harshen zai koma. In ka yi haka bai buɗe ba, ka ɗan ɗaga haɓa a hankali har ka ga ƙirji na tashi.

Kada a ɗura masa ruwa, kada a sheƙa masa a fuska, kada a cusa cokali ko tsumma a bakinsa. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, ruwan huhu zai tafi. In ya fara amai ko jini ya cika bakin, dole a juya shi gefe, amma kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare. Mutum huɗu ake so, kai da ke riƙe da kan kai ne mai ba da umarni. Mai hular kwano a bar masa ita in yana numfashi lafiya. In ta hana a kai ga bakinsa, mutum biyu za su cire ta, ɗaya ya tallafi wuya da haɓa daga ƙasa, ɗayan ya zare a hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗauka. A kama hannu da ƙafa, kai na reto, a cusa mutum a zaune cikin A Daidaita Sahu. Na karɓi waɗanda shaidu suka ce suna motsa ƙafa a bakin titi, suka iso mana ba sa ji daga ƙirji zuwa ƙasa. Ka kira jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta lambarsu ta kyauta, 122. In babu mai zuwa kuma dole ku ɗauke shi, ku nemi abu mai faɗi da tauri, ƙyauren ƙofa ko falankin benci, ku mirgina shi a kai, ku naɗe zane ko rawani ku tokare gefen kansa biyu, a kwantar da shi a bayan akori-kura ko a cire kujerar bas. Mai riƙe da muƙamuƙi ya shiga tare da shi, kuma in kun isa asibiti ka gaya wa wanda ya karɓe shi ƙarfe nawa abin ya faru, da ko ka ga yana motsa hannu da ƙafa lokacin da ka same shi.